Harba-ka-ruga da Gwiwar Baba Gimba

Ku zauna tukuna, ku rage wannan dariyar. Tun ɗazu nake jin ku daga cikin rumfa: wai harba-ka-ruga bindigar matsorata ce, bututu ne kawai da guntun katako, ko ɗan koyo sai ya haɗa ta kafin azahar. To, madalla. Wanda ya faɗi haka ya zo ya riƙe mini awartakin nan a bakin wuta, mu ga ko gashin hannunsa zai goyi bayan bakinsa. Ni Garba a maƙerar nan ta Potiskum na yi furfura, tun zamanin da Bature ke zaga ƙauyuka a kan doki, kuma ina gaya muku sunan nan ba ba'a ba ne, umarni ne. Saboda shi na taɓa riƙe wa wani dattijo bindigarsa a shekarar da abincin gidansa duk ya rataya a kanta. Zan kai ku can, amma sai kun fara sanin aikin.

Aikin farko da aka ba ni zuga ne. Kawu Jaji, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai maƙerar. Mutumin Ngizim ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana sai dai tsaki. Ya zaunar da ni a bayan zugazugin fatar akuya, ya ce in sa ido a kan launin ƙarfe, ba a kan masu wucewa ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban taɓa bindiga ba ko da wasa. In na zuga da sauri wuta ta cinye ƙarfe, in na yi sanyin jiki ƙarfe ya ƙi laushi, kuma kowanne na yi tsakin iri ɗaya ne. Gawayin ƙirya kaɗai yake yarda da shi, ni ke ɗauko shi a ka. Sai da hannuna ya saba da masaɓa, gudumar maƙera, a kan fartanya da lauje sannan wata safiya ya miƙo mini magagari da wani ɗan ƙarfe siriri, ya ce in goge. Sifirin kunama ne, wato ƙarfen da ke fizgo ƙanƙara ta bugi ƙarfe wuta ta tashi. Daga guntun sifirin mota muke yanko shi. A gasa, a tsoma a man gyaɗa, a sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin wuyan tattabara. Ka wuce nan kaɗan ya yi laushi, ka gaza kaɗan ya karye a jan farko. Na karya masu yawa, Kawu yana tara mini su a wani kasko a inda zan riƙa ganinsu in na zauna cin tuwo.

Akwai wani Bafulatani, Buba, da ya kawo bindigar da ya gada, kura ta dame shi a kan maruƙa. Ƙota kawai yake so a canza masa. Kawu ya zare bututun, ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ya kara kunne. Ya ba ni ni ma in ji. Lafiyayyen bututu ƙararsa doguwa ce, tana tafiya tana dawowa. Wannan kuwa da an buga sai ƙarar ta mutu nan take.

Kawu ya ce, "Buba, wannan ta gama aiki."

Buba ya ce ai kakansa ya harba ta, ubansa ya harba ta, ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Kawu bai yi musu ba. Ya sa bututun a wuta, ya ɗora a uwar maƙera, ya tsaga shi a tsaye da kurfi, ƙarfen da muke yanka da shi. Ciki duk tsatsa ta rarake shi, wani wurin bai fi kaurin ganyen albasa ba. Buba ya daɗe yana kallo, sannan ya shafa fuskarsa da hannu biyu, don a nan ne abin zai fashe.

A lokacin an fara samun bututun sitiyarin manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri. In mota ta mutu murus, mu ne farkon zuwa gaisuwa. Ƙarfe ne mai kyau, miƙaƙƙe, ba ɗinki a jikinsa. Wahalar tana wajen toshe gindinsa, domin duk ƙarfin albarushi a nan yake neman hanyar fita, kuma bayan toshiyar nan idon mutum ne. Sai a huda 'yar ƙofa a gefe, wadda muke ce wa kunne, inda wuta ke shiga. Sai ƙota, da maɗaci muke sassaƙa ta da gizago, a auna ta da tsawon hannun mai bindigar, ba na kowa ba. Turawa dai sun ce gyara aka yarda mu yi, ban da ƙirar sabuwa. Mu kuwa masu biyayya ne. Bana a canza wa bindiga bututu, baɗi a canza ƙota, wata shekarar a canza kunama, ai duk gyara ne.

Wajen masu kawo aiki na koyi sunayenta, don maƙera wurin hira ce. Wani Goni Babarbare da ke zuwa a wasa masa wuƙar fiƙe alƙalami ya ce mana kalmar bindiga ba tamu ba ce, ba tasu ba ce, daga Larabawa ta biyo fatake ta hamada. Ya ce su bunduƙiyya suke cewa, kuma bunduƙ ƙwallon wani ɗan itace ne mai kamar girman harsashin da ake ɗurawa. Ya faɗi yadda Barebari ke kiranta, Buba ya faɗi ta Fulatanci, muka ji duk abu ɗaya ne kowa ya lanƙwasa shi yadda harshensa ya iya. Wasu su ce adaka, wasu su ce bindigar toka saboda hayaƙinta da baƙin da take bari a hannu. Amma harba-ka-ruga tamu ce, a nan ƙasar aka haife ta, kuma daga bakin maharba ta fito. Bindigar nan magana ɗaya take yi. In ta yi, kafin ka sake zuba albarushi, ka tura tsumma, ka danna da sandar ɗuri, ka zuba harsashi, ka sake dannawa, ka ciyar da kunne, mace ta isa ta dama fura ta miƙo maka. Naman da ka raunata kuwa ba zai jira ba. Ba kai yake gani ba, hayaƙin yake gani, can yake nufa da dukan ƙarfinsa. Saboda haka abin da babban maharbi ke fara gaya wa ƙarami ke nan: harba, ka ruga. Ka fita daga hayaƙinka, ka yi gefe, ka sami abin fakewa, a can ka sake ɗuri. Da aka yi ta faɗa, sai maganar ta manne wa bindigar ta zama sunanta.

Kawu Jaji ya ɗauki maganar nan da gaske fiye da kowa. A maƙerarsa gwaji biyu ake yi kafin bindiga ta koma hannun mai ita. Muna da wani fili a wajen gari, ta inda yanzu ake ce wa Dogo Nini, lokacin gonaki ne da ƙaya. Gwajin farko na bindiga ne: a ɗura mata ninkin abin da take ci, a ɗaure ta a kututture, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan kuka. In ta tsira, sai gwaji na biyu, na mai bindiga. Akwai ɗan tudu a wurin. Mutum zai tsaya a gindinsa ya harbi wani kututturen da ke gefe, Kawu yana bisa tudun, ƙafarsa a kan wani tsohon turmi mai nauyi. Da jin ƙara sai ya turo turmin ya gangaro cikin hayaƙi. In turmi ya tarar da kai a wurin, bindiga ta kwana a maƙera, ka je ka dawo ran da ka shirya. Ba ruwansa da sarauta ko furfura. Ranar kasuwa har 'yan kallo muke samu, ana ta shewa in turmi ya share wani ya tashi yana kakkaɓe riga. Yawancin waɗanda yake samu ba rashin gudu ne ke kayar da su ba. Tsayawa suke yi su ga ko sun sami kututturen.

Na tambaye shi wata rana me ya sa muke wahalar da mutane haka, tunda mu ƙarfe muka iya. Ya ce, "In bututu ya fashe a fuskar mutum, wa za a zaga?" Na ce mu. Ya ce, "In nama ya farke shi da bindigarmu a hannunsa fa?" Ya yi tsaki ya ce in ci gaba da zuga.

Wanda turmin nan bai taɓa ko shafar rigarsa ba shi ne Baba Gimba, maharbin ƙauyen Mamudo. Bakarkare ne dogo, baƙi, da 'yar tsagar murmushi kullum a bakinsa. Tun ina zuga yake zuwa. Ya kan kawo wa Kawu ƙafar barewa, ni kuma ya kira ni ɗan Jaji ya ce in girma in yi masa bindigar da za ta riƙa gudun da kanta. Shi in ya harba, kafin hayaƙi ya baje ka hango shi can a tsugune yana ɗuri, kamar dama a can yake. Har Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, maƙera ta dawo hannuna, turmi ma ya dawo ƙarƙashin ƙafata, Baba Gimba bai daina zuwa ba.

Sai shekarar fara. Ba zan cika ku da labarinta ba, duk wanda ya gan ta ba ya son maimaitawa. Gero ya fara ɗaukar ido ta sauka, ta bar kara tsirara. Aiki ya tsaya mana cak. Wa zai kawo gyaran garma alhali ba abin da zai nome? Kwana da kwanaki ba mu hura wuta ba, in an hura ma ƙaramin aiki ne, ɗinkin tukunyar ƙarfe ko kan kibiya. Waɗanda suka ɗan tsira su ne masu rogo, don fara ba ta shiga ƙasa. Baba Gimba yana da gonar rogo a bakin wani kwari. Babban ɗansa an ɗauke shi soja bai dawo ba, gida ya cika da mata da jikoki, kuma rogon nan shi ne tsakaninsu da yunwa har damina. Abin da fara ta bari kuwa gyado, wato aladen daji, ya gano shi. Wani ƙaton namiji ne ke jawo garkensa kowace safiya, suna tone gonar kunya bayan kunya.

A kan jaki ya zo mini, abin da ban taɓa gani ba. Da zai sauka sai da ya dafa kafaɗata. Gwiwarsa ta dama ta kumbura, ta ƙi lanƙwasuwa, yana dogara sanda. Ya miƙo bindigar. Sifirin ya karye, kunne ya faɗaɗa saboda cin wuta, ƙota ta tsage ta wajen wuya. Na yi mata aikin da ban taɓa yi wa wata ba. Na toshe tsohon kunne na huda sabo, na yi sifirin da na tabbata Kawu ma ba zai yi masa tsaki ba, na ɗaure wuyan ƙota da ɗanyar fata ta bushe a kai ta kama gam. Na sa sabuwar ƙanƙara. Duk lokacin da nake aikin nan ina satar kallon gwiwar, raina ba daɗi.

Da na gama ya miƙo hannu. Na ce, "Baba, sai mun je fili."

Ya yi dariya. "Ɗan Jaji, ni za ka gwada? Ina tsallake turmin nan kana bayan zugazugi da majina a hanci."

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma ka san ba ta fita sai an je."

Ya dube ni, murmushin ya tafi. Ya ce mu je.

Ba ranar kasuwa ba ce, na gode wa Allah, mutum kaɗan ne suka biyo mu. Bindiga ta ci gwajinta lafiya. Ya ɗura da kansa, ya jingine sandarsa a cinya, ya ɗaga. Ni ina bisa tudu, ƙafata a kan turmi, zuciyata na ce mini in ɗan jinkirta, ko in tura shi ya karkace, wa zai sani? Amma gyado ba zai jinkirta masa ba. Ya harba, kututture ya yi tsalle, tsakiyarsa ya samu. Na tura turmin kamar yadda nake tura wa kowa. Ya juya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ta biyun ta ƙi bin sa. Turmi ya share sandar da ƙafar tare, ya zauna daɓas cikin hayaƙinsa. Ba wanda ya yi shewa. Na sauko da gudu zan ɗaga shi, ya ture hannuna, ya tashi da kansa da ƙyar. Na ɗauki bindigar na rataya a kafaɗata. Wallahi ban taɓa jin nauyinta irin na ranar ba.

Bai koma Mamudo ba. Ya kwana gidan wani ɗan'uwansa, da safe ya zo ya zauna a bakin maƙera, bai gaishe ni ba. Na ce bari in nemo masa wani maharbin ya tsare masa gonar. Ya ce kowane maharbi yana bakin tasa gonar ko ya nausa daji wajen Gadaka neman abin kai wa gida, kuma ko suna zaune, ba a haifi maharbin da zai tsare wa Gimba gona ba. Na ce a haƙa rami a rufe, ya ce gyado ya fi ni sanin rami. Sai ya ce, a hankali, ba faɗa, "Garba, kowace safiya da nake zaune a nan, kunya guda ake cinye wa jikokina. Ka ba ni abina. In ya kashe ni, ni ya kashe."

Rabon da ya kira ni Garba na manta. In na ba shi, na san inda za a tsince shi. In na hana, na san abin da za a ci a gidansa, wato babu. Na zauna ina jujjuya awartaki a hannu kamar wanda bai san amfaninsa ba. Can na ji bakina ya ce, "Baba, ni ina da ƙafa."

Ya ɗago. "Kai? Ka taɓa harbin abin da ke numfashi?"

Na ce ban taɓa ba. Gaskiya ce. Na harbi kututture ya fi a ƙirga, amma ko zabo ban taɓa kayarwa ba. Maƙeri ne ni.

Sai tsagar murmushin nan ta dawo. Ya ce, "To. Idona, ƙafarka. Amma a gonata ni ne Jaji, abin da na ce shi za ka yi."

Na rufe maƙera muka tafi, shi a jaki ni a ƙasa. Na kwana a zaurensa. Tuwon da aka kawo mana na garin rogo ne, miyar kuka ba mai, kuma na lura yaran gidan suna leƙe sai da muka ture kwanon. Da muka yi sallar asuba muka kama hanya, gari na wayewa muna bakin gonar. Kai, na ga ɓarna. Kusan rabi an tone, saiwoyi a warwatse an gatsa an yar. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali ya ga inda iska ke kai ta. Ya nuna mini wata sabara, ya ce in durƙusa a bayanta. Ya nuna wani suri can gefe, ba baya ba, ya ce can zan ruga. Ya sa na je na dawo a tsakaninsu ina cire ƙaya da duk abin da zai harɗe ni. Shi kuma na ɗora shi a kan gadon tsaron gona, irin mai dogayen ƙafafu da ake korar tsuntsu a kai.

Kafin in bar shi ya riƙo rigata. Ya ce, "In zai tona, durƙusawa yake yi a gwiwoyin gaba. Jira sai ya durƙusa. Bayan kafaɗa za ka nufa. In ka ji kukan kurciya daga nan, ni ne, ka harba. Sannan kar ka tsaya kallo. Ka ji ni? Ni zan yi maka kallon."

Na ce haba Baba, ni da nake tura wa mutane turmi. Ya ce, "Uhm."

Rana ta ɗan ɗaga suka fito daga kwarin, wutsiyoyi a tsaye. Mata da 'ya'ya a gaba, shi a baya. Ban san haka gyado yake da girma ba sai ranar. Haƙoransa sun lanƙwaso sama kamar lauje biyu, fuskar duk gatsa-gatsa. Ya tsaya ya shaƙi iska. Ya matso, ya matso, har ina jin gurnaninsa. Ya durƙusa ya sa hanci a ƙasa. Kurciya ta yi kuka.

Na ja kunama. Ƙota ta bugi kafaɗata, duniya ta yi fari fat, ba na ganin komai. To ku ji abin mamaki. Ni da na shekara da shekaru ina yi wa mutane dariya a kan wannan, sai ga ni a durƙushe ina miƙa wuya, ina so in ga ko na samu. Ƙafafuna sun manta da ni sam. Sai na ji murya daga sama kamar tsawa: "Ruga!"

Na ruga. Ban san lokacin da na tashi ba, hulata ta faɗi, ban waiwaya ba. A bayana na ji sabarar nan ta yi ƙara kamar an yaga sabon ƙyalle. Na faɗa bayan suri na ja bindiga jikina. Hannun nan nawa da ya ɗura bindiga sau ba adadi, ranar albarushi yake zubarwa a ƙasa. Baba Gimba kuwa daga kan gadonsa yana magana a natse, kamar mai koya wa yaro alwala. "Ka same shi, amma ka yi baya kaɗan. Yana neman ka a cikin hayaƙi. Zuba. Tsumma. Danna sosai, kar ka yi sauri. Yana juyawa. Harsashi. Kunne fa, kar ka manta kunne. Yanzu leƙo ta hagunka."

Na leƙo. Yana tsaye a inda na durƙusa ɗazu, jini na zuba ta cikinsa, hulata a haƙorinsa ɗaya. Ya gan ni. Ya yunƙuro, ƙafar baya ta ɗan ja, wannan ne ya ba ni lokaci. Na harba na biyu, na sake rugawa ba tare da kowa ya ce mini ba, har sai da na kai gindin gadon. Da hayaƙi ya washe yana kwance, sauran garken sun watse cikin kwari. Ba su sake dawowa gonar ba a shekarar. Naman kuwa, mutanen wani ƙauye da ke cin sa ne suka zo suka ɗauka, suna ta godiya.

Na zauna a ƙasa ina haki, ina dariya ba dalili. Baba Gimba ya ce in sauke shi. Na ɗauka wajen gyadon zai je, amma ko kallonsa bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya je bayan sabarar. Ƙasar wurin ta tone kamar an bi ta da garma, reshe duk a kakkarye, sawun gwiwata ɗaya ne kawai ya rage. Ya tsaya a kan sawun. Daga nan ya kama hanyar surin, shi kaɗai, yana jan ƙafa. Ban taimake shi ba, na ga ba ya so. Tafiyar da na yi cikin ƙiftawar ido, shi sai da ya huta a tsakiya. Da ya isa ya dafa surin, ya juyo ya dubi sabarar, ya daɗe.

Na kawo masa bindigar, don a ganina ko ba komai ya riƙe ta mu koma gida, kada mutanen Mamudo su ga maharbinsu hannu wofi. Ya shafa ɗaurin fatar da na yi mata, ya ɗaga kunama ya saurari sifirin, ya gyaɗa kai. Sannan ya mayar mini.

Ya ce, "Tafi da ita, ɗan Jaji. Zan zo in roƙe ka, na san halina. In na ji an ce barewa ta sauko, ko wani ya yi mini gori, zan zo. Kar ka ba ni."

Rogon ya kai su damina, har ya aiko mini da kwando guda a kan jakin. Kuma ya zo ɗin, kamar yadda ya faɗa. Ya zo da lallashi, ya zo da faɗa, wata rana har ya ce gwiwar ta warke, in duba, ya taka ta a gabana yana cije leɓe. Kowane zuwa sai in shimfiɗa masa buzu, in aika a kawo fura, mu yi hira har la'asar, ya hau jakinsa ya koma yana zagina ƙasa-ƙasa. Ban ba shi ba ko sau ɗaya. Ya yi shekaru bayan nan, ya ga auren jikokinsa, ya rasu a ɗakinsa a kan shimfiɗarsa, da mutane a gefensa suna yi masa addu'a. Cikin maharban da na yi wa aiki, ba su da yawa waɗanda suka samu haka.